Azumin Sarki: mako 12 da macijin gidanmu ya yi bai ci komai ba

Ranar Lahadi 3 ga Maris 2024, bayan sallar isha'i, na tsaya gaban akwatin gilashin da ke ɗakin yarona, riƙe da ɓera a bakin dogon hantsaki, ina kaɗa shi a hankali kamar mai lallashin yaro ya sha koko. Sarki ya leƙo daga maɓoyarsa, ya zaro harshe sau biyu ko uku, ya shinshini ɓeran, sannan ya bi ta kansa ya wuce abinsa. Tun da ya shigo gidanmu bai taɓa yin haka ba. Wannan maciji ne da abinci ba ya minti ɗaya a gabansa.

Na san tambayar da ke bakin mai karatu: me ya haɗa Bahaushe, kuma mutumin ƙasar Daura, da kiwon maciji? Ni ma da wani ya faɗa mini haka shekara biyar da suka wuce, da na ce Allah ya ba shi lafiya. A ƙauyenmu ko sunansa ba a kamawa da dare, sai dai a ce igiyar ƙasa. Na tashi na san kububuwa da kasa da gamsheƙa, na kuma ga yadda ƙafar wanda kububuwa ta sara a gona take komawa. Amma zaman Manchester ya zo da nasa. A watan Yulin 2023 maƙwabcinmu zai koma wani gida da ba a yarda da dabbobi ba, yarona kuwa, ɗan shekara 12, ya riga ya shaƙu da macijin, kullum yana can. Sati biyu yana bina da "Abba don Allah." Uwarsa ta kafa sharaɗi uku: ba zai fito falo ba, ɓerayensa ba za su kwana a firizar da take ajiye nama ba, ita kuma ko a mafarki ba za ta taɓa shi ba. Haka aka shigo da shi, da akwatinsa mai tsawon ƙafa huɗu, da na'urar ɗumama shi, da wani ɗan littafi da maƙwabcin ke rubuta ranakun ciyarwa. Yaron ya raɗa masa Sarki, sunan macijin rijiyar Kusugu da kakarsa ke ba shi labari, wanda ya hana mutanen Daura ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya zo ya sare masa kai. Kiwon yara kuwa an san ƙarshensa, cikin wata biyu aiki ya dawo wuyana.

Irinsa Turawa ke kira corn snake, wato macijin masara, masana kuma suna ce masa Pantherophis guttatus. Asalinsa kudu maso gabashin Amurka ne, daga kudancin New Jersey har Florida, ya yi yamma zuwa Louisiana. Ba shi da dafi, kama ɓera yake ya naɗe shi ya matse. Wasu sun ce sunan ya samo asali ne daga yadda manoma ke yawan tarar da shi a rumbunan masara yana farautar ɓeraye, wasu kuma sun ce zanen cikinsa ne, baƙi da fari a jere, ya yi kama da ƙwayoyin masara a jikin totuwa. Namu ruwan lemo ne da manyan tabbai ja masu baƙin gefe, tsawonsa santimita 120 da 'yan kai, shekarunsa kusan biyar. A hannun mutane sukan kai shekara 20, wasu ma su haura. Abincinsa babban ɓera ɗaya duk sati biyu, ranar Lahadi. Ɓerayen a daskare ake sayar da su a shagon dabbobi, cikin leda, daga jinjiri mara gashi har babba. Don cika sharaɗin uwargida na sayi 'yar ƙaramar firiza ta hannu na ajiye a sito.

Ranar farko ban damu ƙwarai ba. Maciji yakan ƙi abinci idan zai yi saɓa: fatarsa ta dusashe, idanunsa su yi hazo kamar an ɗiga musu madara, ba ya gani sosai, sai ya lafe wuri ɗaya. Na haska fitilar waya. Idanun Sarki garau, fata sai sheƙi take. Lafewa kuwa babu ita sam. Wanda a da sai ka kwana biyu ba ka ga ko jelarsa ba, yanzu da magariba ta yi sai ya fito sintiri. Ya bi gilashi daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya miƙe tsaye har rufi, ya cusa hanci a kowace kafa, ya faɗo tim, ya sake tashi. Kwanon ruwa kullum a kife ake samunsa da safe. Yaron ya fara ƙorafin ba ya samun barci.

Na sake gwadawa ran 10 ga wata, ya ƙi. Washegari Litinin muka ɗauki azumi. Ran 17 ya sake ƙi, sai yara suka samu abin dariya, wai Sarki ya riga Sarkin Musulmi ganin wata. Ƙaramar har tana tambaya ko a tashe shi sahur. Ni dai dariyar iyakarta leɓe. Mu da muka tashi cikin dabbobi mun san ma'anar akuya ta juya wa dusa baya, ko kaza ta tsaya tsuru ana watsa tsaba: ciwo ne, kuma in ba a yi da gaske ba sai wuƙa. Ga kuma hadisin nan na matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Kullum na wuce ɗakin sai ya faɗo mini. Ni na kulle dabbar nan a akwati, a ƙasar da ba tata ba. In ta mutu da yunwa, wa za a tambaya?

Wannan tsoron ne ya jefa ni cikin kurakurai, kuma zan faɗe su yadda suke. Na farko, na dawo ba shi abinci duk kwana uku. Ɓeran da aka narkar kuwa ba a mayar da shi firiza, in bai ci ba sai bola. Na biyu, gaggawa. Wata rana na dawo daga aiki a gajiye, ga shan ruwa ya ƙarato, maimakon in bar ɓeran ya saki a hankali sai na tsoma shi cikin tafasasshen ruwa daga butar shayi. Da na ɗaga shi da hantsaki sai cikin ya fashe a kan kafet ɗin ɗakin yaro. Warin da ya tashi, ga mai azumi, ba sai na bayyana ba. Na uku, kuma shi ne mafi muni, na yanke wa kaina hukuncin cewa sanyi ne ke damunsa. Ɓangaren ɗumi na akwatin ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 28 zuwa 30, ɓangaren sanyi kuma ashirin da 'yan kai, don maciji ya riƙa zaɓar inda ya dace da jikinsa. Na murɗa na'urar zuwa 33. Sakamakon shi ne sintirin ya ƙaru, ya daina zuwa ɓangaren ɗumin gaba ɗaya.

Dabarun da masu kiwo ke faɗa ma na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na ba shi ƙaramin ɓera maimakon babba. Na ɗumama kan ɓeran da na'urar busar da gashi. Na ajiye shi a bakin maɓoya na kashe fitila na bar shi ya kwana. Akwai wadda ake huda kan ɓeran don ƙamshin ƙwaƙwalwa ya fito, ita ma na runtse ido na yi. Da safe na tarar da ɓeran a inda na bar shi, Sarki ya yi ta bi ta kansa har ya turmuɗe shi da ɓarɓashin katako. Kafin 23 ga Maris ɓera biyar sun tafi bola.

Masu shawara ba su yi ƙaranci ba. Wani abokin aikina ya ce in nemo mai rai, motsi ne zai tayar masa da sha'awa. Ban yi ba, kuma na gode Allah. Ɓera mai rai da aka kulle da macijin da ba ya jin yunwa shi ne ke komawa mafarauci, yakan gwaguye maciji har ƙashi. A Ingila kuma akwai dokar kare dabbobi ta 2006 da ta haramta jawo wa dabba wahalar da ba dole ba, ɓeran ma dabba ne. Wani ya ce in buɗe bakinsa in ɗura masa. Hajiya kuwa, da na yi suɓul da baka na faɗa mata a waya, cewa ta yi: "Kai dai ka ji kunya. Duk kajin duniya da tantabaru ba su ishe ka ba? To in ya ƙi ci ka buɗe masa ƙofa ya kama gabansa mana." Na ce Hajiya a sanyin garin nan ba zai kai labari ba. Ta ce, "Ba ni maigidana mu gaisa, shi na san ya sa ka." Maigidanta shi ne jikan nata, kuma daga ta ji muryarsa faɗa ya ƙare.

Ashe Sarki ya ji shawarar Hajiya. Daren Lahadi 24 ga Maris, 14 ga azumi, uwargida ta tashi wajen uku da rabi don ɗumama sahur. Ta biya ɗakin yaro ta tashe shi, sai ta ga gilashin akwatin, wanda ake turawa gefe, a buɗe kamar faɗin yatsa biyu. Ba ta yi ihu ba. Ta dawo ɗaki ta hau tsakiyar gado ta naɗe ƙafafu, ta ce cikin wata irin murya da ban taɓa ji ba: "Abban yara, abinku ba ya nan." Ni da yaro muka bazama da fitilun waya. Ƙarƙashin gado, bayan durowa, cikin takalma, cikin jakar makaranta, bayan injin wanki. Sai yaron ya ce, "Abba, wuri mai ɗumi zai nema." Muka jawo firij ɗin kicin, ga shi nan a naɗe kusa da injin, ya yi buɗu-buɗu da ƙura, yana zaro mana harshe. Ya sauko bene guda cif. Ranar dabino da ruwa muka yi sahur da su a tsaye, uwargida kuwa a kan gado aka kai mata nata. Da gari ya waye ta ba ni wa'adi: ko in gano abin da ke damun abin nan, ko ya bar gidan kafin salla.

A ranar na sayo makullin gilashi, sannan na zauna na buɗe littafin maƙwabcinmu, wanda tun da aka ba ni shafin ƙarshe kawai na taɓa dubawa. Layi-layi ne, kwanan wata da kalmar "ya ci". Na koma baya zuwa farkon 2023. Daga ƙarshen Fabrairu babu komai sai gajerun zane, har tsakiyar Afrilu. Na koma 2022, ga wani giɓin, ɗan gajere, a watannin nan dai. Rashin sani ya fi dare duhu, amsar tana cikin durowa sati uku ina zubar da ɓeraye. Na kira mutumin. Ya yi dariya, ya ba ni haƙuri cewa ya manta bai faɗa mini ba. Ya ce duk shekara haka yake yi in sanyi ya fara ja da baya, mace yake nema, in daina damunsa da abinci, in riƙa auna shi kawai. Na tambaye shi ko ya tabbata namiji ne. Ya ɗan yi shiru, ya ce haka dai aka gaya masa a shagon da ya saye shi yana jinjiri.

Awon ba wuya. Na ɗauki sikelin kicin, irin na auna fulawa, wanda daga ranar ya tashi daga na kicin har abada. Na ɗora roba mai murfi da 'yan huji, na mayar da sikelin sifili, na saka Sarki na rufe. Gram 436. A littafin, awon ƙarshe da maƙwabcin ya yi a watan Yuli gram 440 ne. Wato bayan kwana 35 rabonsa da abinci, tun 18 ga Fabrairu, abin da ya ragu bai kai nauyin cokalin sukari ba. Mu mukan ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kan maciji dai idona ƙarya ya yi ta yi mini. Kullum na dube shi sai in ga ya rame, don na riga na sa wa raina ya rame.

Da na bar maganar a nan, in ba don shirun da maƙwabcin ya yi ba. In Sarki mace ce, lissafi ya canza. Mace ma takan ƙi abinci a wannan lokaci, amma don ƙwai sun cika mata ciki, kuma takan yi ƙwan ko da namiji bai taɓa kusantarta ba, kamar kazar gidan gona da ba ta san zakara ba. Tana buƙatar wuri mai danshi da za ta zuba su, in ba ta samu ba sukan maƙale, wannan kuwa yana iya kashe ta. Sai na nemi likitan dabbobi. Ba kowane ke duba maciji ba, wurare biyu suka ce iyakarsu kare da kyanwa da zomo, na uku ne suka ce suna da likita mai duba masu jan ciki. Aka ba mu Talata 2 ga Afrilu. Na saka shi cikin rigar matashin kai na ƙulle bakin, na sa a roba, na ajiye gorar ruwan ɗumi a gefe, ni da yaro muka kama hanya.

Likitar ta fi minti goma tana tambayoyi kafin ta taɓa shi. Zafin akwati nawa, da me nake aunawa, yaushe ya yi saɓa ta ƙarshe, ta fita gaba ɗaya ko gutsi-gutsi, ya taɓa amayar da abinci, yana shan ruwa, akwatin yana kusa da taga? Da na ambaci digiri 33 sai ta ɗago kai ta dube ni. Ta ce in mayar da shi yadda yake a ranar, domin jikin maciji da zafin wurin yake tafiya, duk ƙarin zafi ƙarin ƙona kitsen da ya tara ne, ga shi ba ya ci. Sannan ta fito da shi. Ta buɗe bakinsa da wani ɗan lallausan abu mai faɗi, ta nuna mana dasashi, ja-ja mai tsabta, babu kumburi, babu ruwa mai yauƙi. Ta kasa kunne ga numfashinsa, ta ce macijin da ke da ciwon huhu za ka ji yana fito, ko ka ga kumfa a hanci, ko ya riƙa zama baki buɗe. Ta duba gefen idanu da ƙarƙashin haɓa ko akwai ƙananan baƙaƙen ƙwarin nan masu shan jini. Ta bi cikinsa da babban yatsa daga wuya har dubura, sannu a hankali, tana neman ƙulli ko ƙwai. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Cryptosporidium da ke kumbura tsakiyar jikin maciji ta sa shi amai, ta ce ba ta ga alamarta ba. Hancinsa kawai ta tsaya a kai, ya ɗan goge ya yi ja saboda turin gilashi.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne yadda ta koya mana duba ƙiba. Ta ce a dubi jikin kamar an yanka burodi: lafiyayyen macijin masara cikinsa shimfiɗe ne, gefensa a miƙe, bayansa a zagaye. In ya rame, ƙashin baya zai fito ya yi tsini kamar jinka, fata ta yi laushi ta tattare a gefe. Ta kama yatsan yaron ta bi da shi bayan Sarki. Ƙashin yana nan ana jin sa, amma tsoka ta rufe shi dama da hagu. A sikelinta gram 431.

Daga nan ta ɗauko wani siririn ƙarfe mai santsin kai, ta shafa masa mai, ta zura a hankali ta dubura zuwa wajen jela. Namijin maciji al'aura biyu gare shi, a ɓoye cikin gindin jela, don haka ƙarfen yakan shige da nisa, a mace kuwa kaɗan zai shiga ya tokare. Ya shige. Ta ce namiji ne, ta kuma gargaɗe ni kada in kuskura in gwada wannan a gida. Yaron ya yi ajiyar zuciya, sunan Sarki ya tsira.

Bayanin da ta yi ya dace da abin da na gani. A can ƙasarsu ta asali, macizan nan sukan lafe lokacin sanyi, su fito in gari ya fara ɗumi, barbara kuma daga Maris ne zuwa Mayu. Namiji yakan bar farauta ya shiga yawon neman mace, yana bin sawun ƙamshin jikinta da harshe. Zaro harshen nan da muke gani shinshine ne, yana ɗebo ƙamshi ya kai wani gurbi a saman bakinsa. Mace takan zuba ƙwai 10 zuwa 30 kamar wata guda bayan barbara, su ƙyanƙyashe cikin wata biyu. Ko maciji bai taɓa ganin daji ba, jikinsa yana lissafin tsawon yini, akwatin Sarki kuwa yana fuskantar taga, a garin da yinin Disamba bai kai awa takwas ba, na Yuni ya kusa 17. Game da yunwar, ta ce in daina auna shi da cikina. Mu yawancin abin da muke ci wajen ɗumama jiki yake tafiya, shi kuwa ɗumi daga waje yake samu, babba mai lafiya yana iya wata biyu ko uku bai ci ba. Da jinjiri ne ɗan wata biyu, da magana ta bambanta. Ɗura kuma ta ce ba a yi wa lafiyayyen maciji, wahala ce kawai da haɗarin rauni.

Ta rubuta mini ƙa'ida a takarda. Awo sau ɗaya a sati. Tayin abinci sau ɗaya a sati biyu, in ya ƙi a ɗauke. Ruwa mai tsabta kullum. A rage ɗaukarsa. In nauyi ya ragu da kashi 10 cikin 100, wato ya sauko wajen gram 392, ko ya daina yawo ya yi laƙwas, ko numfashi ya canza, in dawo da shi ba tare da jira ba. Na biya kuɗin da ya fi na ɓerayen wata shida, a kan a ce mini in je in zauna.

Da na ba Hajiya labari, ta yi dariya har da tari. "Au, aure yake so? To ku yi masa mana, ku huta." Na ce Hajiya in aka yi masa aure, kafin damina ta yi nisa macizai ashirin ne a gidan, surukarki kuma a filin jirgi za ki tarbe ta.

Sauran makonnin ba su da labari mai yawa, kuma su suka fi wuya. Na mayar da zafi 29. Na liƙa takarda mai duhu a ƙasan gilashin don ya rage turi, na ƙara masa reshe da bututun kwali na shiga da fita. Hancin ya warke da kansa. Awon 7 ga Afrilu gram 428. Muka yi salla ran Laraba 10 ga wata, gida ya cika da baƙi da ƙamshin waina da miyar taushe, ɗakin yaro a kulle, don akwai waɗanda in suka san abin da ke ciki ba za su ƙara taka gidan ba. Ran 14 na yi tayi, ya ƙi. Yara suka ce ya zarce sitta shawwal. Ran 21 gram 419. A nan zuciyata ta sake rawa, gram tara cikin sati biyu, har na ɗauko ɓera daga firiza ba ranarsa ba, na tsaya da shi a hannu, na mayar. Hannuna ƙaiƙayi yake in yi wani abu, takardar likita kuma ta ce babu abin yi.

Wajen 24 ga Afrilu sintiri ya tsaya cak. Kwana biyu ban gan shi ba, gabana ya faɗi, na ɗaga maɓoyar. Yana naɗe, launinsa ya dusashe, idanu sun yi fari-fari. Saɓa ce. Tayin 28 ga wata ban ma sa rai ba, ya kuwa ƙi, ɓera na bakwai ke nan. Na sa masa roba mai jiƙaƙƙen gansakuka don danshi. Idanun suka washe, bayan 'yan kwanaki muka tashi muka tarar da saɓar a sarƙafe jikin reshe, guda ɗaya tun daga hanci har ƙarshen jela, har da murfin idanu biyu. Yaron ya miƙar da ita a kan tebur yana aunawa. Ran 5 ga Mayu gram 412, ragin bai kai kashi shida cikin ɗari ba.

Lahadi 12 ga Mayu na fito da matsakaicin ɓera, ba babba ba. Na bar shi ya saki a hankali cikin leda, sannan na tsoma ledar a ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, har na taɓa cikinsa na ji babu sauran sanyi. Bayan magariba, fitila a kashe sai hasken baranda, na buɗe makulli na zura hantsaki. Ya leƙo. Harshen ya fara fita da sauri-sauri, ba irin na ko-in-kula ɗin nan ba. Wuyansa ya lanƙwashe. Ban ga saran ba, ji kawai na yi an fizge hantsakin, kafin in ƙifta ya naɗe ɓeran zagaye uku yana matsa, mataccen ɓera da ya kwana watanni a ƙanƙara. Ya ɗan jima a haka, sannan ya saki, ya lalubo kan, ya fara haɗiya. Muƙamuƙinsa na ƙasa biyu ne, ba a haɗe suke ta gaba ba, sai ya tura na dama ya kafa, ya tura na hagu ya kafa, kamar mai jan guga hannu bayan hannu. Ni da yaro muna durƙushe ba mai motsi. Da jelar ɓeran ta shige, ya yi wata doguwar hamma ya gyara baki, ya sulale ɓangaren ɗumi. Kwana 84 cif. Na waiga, ashe uwargida tana bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a waje. Ta ce, "Ya ci?" Na ce ya ci. Ta ce, "To a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa mini kwano," ta juya.

Kwana biyu ba wanda ya taɓa shi, don kada ya amayar. Bai amayar ba. Na riƙa ba shi duk kwana goma har ya mayar da jikinsa, kafin ƙarshen Yuli ya haura gram 440, na koma sati biyu.

A ƙarshen Fabrairun 2025, ana shirin ɗaukar wani azumin, na ji tim daga ɗakin yaro da tsakar dare, da safe kwanon ruwa a kife. Na ɗauko sikeli da littafi, na ja gajeren zane a gaban kwanan wata, irin na maƙwabcinmu. A wannan karon mako bakwai ya yi, ɓera uku kawai na yi asara. Uwargida har yau ba ta taɓa shi ba, amma daga Fabrairu zuwa Mayu ba ta kwanciya sai ta je da kanta ta girgiza makullin gilashin ta ji shi gam.